Akwatunan da Kawu Ya Yi wa Addu'a

Assalamu alaikum mai gabatarwa, barka da aiki. Ni direban kamiyo ne a Damagaram, amma don Allah kada ka faɗi sunana.

Tun da muka samu mulkin kai, gyaɗar mutanenmu nake kaiwa kudu, in dawo da kayan da Nasara suka sayar mana. Watan jiya aka loda mini dogayen akwatuna. A Takieta ɗaya ya faɗo ya fashe. Wallahi bindigogi ne, sababbi fil!

Na ratse garinmu Droum in gaida gida, sai kawuna ya tare ni, ya ce, "Ɗana, garemanin noma da shanu da aka yi mana alkawari ne suka iso?" Na ce, "Suna tafe, Kawu." Har ya dafa akwatunan ya yi musu addu'a.

Jama'a, wanda ya karɓi gyaɗarka ya ba ka harsashi, me yake so ka shuka? In na ƙi ɗauka, a kore ni, ga 'ya'ya shida. In na yi magana, sai gidan kaso. Jibi ma akwai wani lodi. Ku ba ni shawara: me zan ce wa Kawu in ya sake tare ni?