Ranar da Na Shiga Layin Awo

'Yan'uwa, salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu!

Sunana Pam, ina lodin kayan gwari a kasuwar Farin Gada. Shaidata a kan matata ce, Saratu.

Da cikinta na huɗu ya tsufa, ciwon baya da na ƙugu ya kama ta. Juyi a gado sai da kuka. Shiga keke ma azaba. Ni kuwa na kasa zaune na kasa tsaye. Ina ɗora buhun kabeji, zuciyata tana gida Kabong. Tsorona ɗaya, kada matar nan ta daina tafiya.

Wannan ta ce a gasa da ruwan zafi. Waccan ta ce ta kwanta kada ta motsa. Mun yi duka, abin sai gaba yake yi.

Kun san mu maza, in mun kai mata awo a bakin ƙofa muke tsayawa. Saratu kuma in an tambaye ta a ciki, sai ta ce, "Da sauƙi." Kunya!

Ran nan a bakin ƙofar na sunkuyar da kai na ce, "Ya Ubangiji, nuna mini abin yi." Ban san lokacin da na kutsa ciki ba. Mata suka fashe da dariya. Wata ta ce, "Oga, naka wata nawa?"

Na ce wa nas ɗin, "Sista, babu wani sauƙi. Matar nan ko tsugunno ba ta iyawa."

Ta duba ta sosai, ta ce nauyin ciki ne, ga gaɓoɓin ƙugu sun sassauta. Ta koya mana: Saratu ta kwanta ta gefe da filo tsakanin gwiwoyi, ta haɗa gwiwoyi in za ta sauka daga gado, ta bar ɗaukar kaya mai nauyi, amma ta riƙa ɗan tattaki.

Na karɓi ɗibar ruwa da wanki. Maƙwabta suna tsokanata, "Pam, saura ɗaurin zane!" Na ce, "A kawo."

Bayan haihuwa ciwon bai tafi nan take ba. Hankalina ya sake tashi. Muka koma asibiti tare, aka koya mata motsa jiki mai ƙarfafa ƙugu.

Lahadin da ta wuce kun gan ta da idonku, goye da jaririya, tana rawar godiya har gaban bagade. Halleluya!

Na gode wa Allah. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa. Shi da ya tashe ta, ba zai bar naku a kwance ba. Amin!