Geron Inna

A tashar Gusau, ana jiran motar Tsafe ta cika, Ashiru ya ji tsohuwar da ke gefensa ta ce ɗanta ɗan ƙwallo ne.

Ashiru ya ce, "Inna, kakarku ta yanke saƙa! An ɗaga iyakar albashin 'yan wasa."

"Ban da nawa. Bara na sa shi ya sa hannu a yarjejeniyar shekara biyar da kulob ɗinmu na nan."

"Haba Inna! Kin sayar da gero da kaka, ga tsada ta zo!"

"Waɗanda suka jira tsadar, ina suke?"

"Manyan kulob sun kwashe su zuwa Legas."

Ta gyara mayafi tana murmushi. "To, nawa duk Juma'a a gabana yake cin tuwo. Geron nan ba na kasuwa ba ne, yaro. Na rumbu ne."