Makullin Ruwa a Cikin Bango

A shagon kayan famfo, wani tsohon mai gyaran famfo ya dubi jiƙaƙƙen wandon mutumin da ke ta cinikin guduma.

"Malam, lafiya?"

"Bututun roba ne ya fashe, Baba. Amma ba na son masu gyara, macuta ne. Da hannuna na sa makullin ruwa."

"To ai sai ka murɗa shi, ruwan ya tsaya."

"Yana cikin bango. Na shafe shi da siminti saboda yara."

"Yanzu wa ya tare ruwan?"

"Maiɗakina. Tun safe ta toshe da babban yatsa."

Tsohon ya gyaɗa kai. "Ci gaba da neman ragi a tsanake. Amma wannan makullin naka mai babban yatsa, ranar da ya gaji, gidansu zai tafi."