Ragowar Kafson Maigida

Ni da na haura tamanin ban san allura ba, rakiya na yi asibiti, na ji wata mata da wani direba suna hira.

"Likita ya ce ƙwayar cutar ƙafar maigidana ta saba da magani, wataƙila a yanke. Malam, ƙwaya makaranta take zuwa?"

"Wai in ana ba ta maganin kaɗan-kaɗan, kare kanta take koya. Yana shanye kafson?"

"Da ya ji sauƙi nake ɓoye sauran. Ai tattali ne."

"Ke kika koyar da ita ke nan, Hajiya."

"Ni da ko baƙi ban sani ba? In ya shanye yanzu, za su bar masa ƙafar?"

"Allah masani. Ni ma nawa yana mota, kwana biyu na sha."