Jaka Biyu, Tuta Ɗaya

Uwargida Terpstra, shugabar wannan makaranta kuma shugabar wannan taro. Mai girma wakilin magajin gari, wanda na lura tun ɗazu idonsa bai bar teburin kek ba. Malamanmu masu daraja, da masu ba da maki hannu sake da masu riƙe shi kamar daga aljihunsu yake fita. Iyayenmu mata da iyayenmu maza. Kakanninmu da suka kame kujerun gaba tun ba a gama jera su ba. 'Yan'uwana ɗalibai da muka tsallake tare. Jama'a baki ɗaya, barkanmu da yamma, barkanmu da arziki.

Sunana Jildou Wiersma, ni 'yan ajinmu suka turo in yi magana a madadinsu. Idan kun ji muryata tana rawa, kada ku ɗauka tsoro ne. Tsoro ya ƙare min a ɗakin jarrabawa. Murna ce ta yi min yawa, har ina jin kamar in bar wannan dandamali in zagaye zauren da gudu.

Muna godiya ga malamanmu da suka jure mana, muna godiya ga iyayenmu da suka ciyar da mu, muna godiya ga mai gadin makaranta da ya yi shekaru yana sauraron ƙaryarmu ta cewa an buɗe gada ne don jirgin ruwa ya wuce, shi ya sa muka makara.

Magana ta farko taku ce, malamai. Mun so ku, amma kun firgita mu. Malamin lissafi ya shigo ya ce rayuwarmu ta rataya a kan takardarsa. Yana fita malamar tarihi ta shigo ta ce rayuwarmu ta rataya a kan tata. Kafin a tashi cin burodin rana mun rasa gane rayuka nawa ne da mu. Kowane ɗayanku ya ba mu aikin gida kamar shi kaɗai ya san hanyar gidanmu. Muna roƙonku, baɗi ku riƙa haɗuwa wajen shan kofi kuna tambayar juna, don yaron nan da kowa ke ɗora wa kaya, wuya ɗaya gare shi.

Magana ta biyu taku ce, iyaye, kuma a nan zan daɗe, domin da labarin gidanmu na zo. Na nemi izinin masu labarin. Ɗaya ya ba ni, ɗayan ya ce zai yi tunani, ga shi can a layi na uku yana ɓoye fuska da takardar shirin taro. Baba, barka da yamma.

Mu tagwaye ne, ni da ɗan'uwana Wiebe. Na riga shi fitowa duniya, don haka yayarsa ce ni, ko ya so ko ya ƙi. Kowa a nan ya san abin da muke yi idan yaro ya ci jarrabawar fita: a kafa tuta a ƙofar gida, a rataya jakar makarantarsa a kan sandar, duk mai wucewa ya san an yi nasara. To, Babanmu bai jira bazara ba. Tun cikin hunturu, ƙanƙara na zuba, ya hau tsani da injin huda bango, ya kafa ƙarfen da ake soke sandar tuta, daidai saman inda muke jingine kekunanmu. Ya sauko yana murza hannu, ya ce: "Na sayo mai ƙarfi, jaka biyu zai ɗauka."

Jama'a, kullum safiya ƙarfen nan yana kallonmu. Mu fita yana kallonmu, mu dawo yana kallonmu. Ni bakina ba ya shiru, idan na tsorata kowa sai ya ji. Wiebe kuwa shiru ne da shi. Ya daina buga ƙwallo, ya daina dariya, burodinsa da cuku ya riƙa dawowa gida a cikin jaka yadda aka naɗe shi. Mama ta tambaye shi ko ya yi karatu. Baba ya tambaye shi ko ya yi karatu. Kaka ta bugo waya ta tambaya ko ya yi karatu. Babu wanda ya tambaye shi ko ya yi barci, kuma wannan ya yi min ciwo, har yau yana yi min.

Ranar sakamako ta zo, ranar da kowa ke zaman jiran wayar malamin ajinsa, kuma kun san ana cewa waɗanda suka faɗi ake fara kira. Wayata ta yi ƙara, malamar ajinmu, Malama Bijlsma, ta ce na ci. Ban gama tsalle ba Baba ya yi nasa lissafin: tunda an kai ga masu ci, ai an gama da masu faɗuwa, ke nan Wiebe ya tsira. Ya suri jakata, ya suri ta Wiebe, ya hau tsani. Kafin Mama ta ce a dakata, tuta ta tashi da jaka biyu, maƙwabta suna kaɗa ƙararrawar keke, Kaka ta fara raba kek gida gida.

Abin da Baba bai sani ba, Malam Douma, malamin ajin su Wiebe, bai ma fara kira ba. An buɗe gada, yana tsaye da kekensa yana jira. Malam, yau mun yarda, wani lokaci da gaske ne.

Wayar Wiebe ta yi ƙara. Ya saurara, ya ajiye. Lissafi ya gaza masa kaɗan, dole sai ya sake zaman jarrabawar.

Baba ya ga fuskarsa ya ce a bar jakar a sama, ai zai ci, ba wanda zai sani. Wiebe ya ce: "Baba, littafin lissafin yana ciki." Na rantse muku na so in yi kuka, dariya ce ta riga fitowa. Sannan ɗan'uwana ya ɗaga kai ya dubi bango, ya ce a hankali: "Tun ranar da ka kafa ƙarfen nan ban yi barcin kirki ba. Ta ƙofar baya nake shigowa don kada in gan shi."

Baba ya miƙe. Ya hau tsani a gaban duk layinmu, ya sauko da jakar Wiebe. Na ce ya sauko da tawa ma, tare muka zo, tare za mu hau. Ya sauke tutar, ya ɗauko kayan aikinsa, ya kwance ƙarfen ɗungurungum, ya bar ramuka a bango. Maƙwabcinmu ya leƙo ya ce wa Baba: "Sietse, lafiya? Tutar ce ta faɗi jarrabawa?" Baba ya ce: "A'a, mai tutar ne."

Daga ranar har Wiebe ya sake zama, ba a ƙara tambayar karatu a gidanmu ba. Baba ya riƙa cije leɓe har muna tausaya masa. Abin da ya samu ya tambaya shi ne: "Ka ƙoshi? Ka yi barci? Mu je mu zaga bakin ruwa?" Wiebe ya yi barci, ya ci abinci, ya yi karatunsa da littafin da ya sha iska.

Da waya ta sake yin ƙara, aka ce Wiebe ya ci. Ya ci, jama'a! Sai ga tuta, ga jaka biyu, babu inda za a soke sanda. Mahaifina, mutum mai ciwon kafaɗa, ya buɗe tagar bene, ya riƙe sandar da hannunsa tun azahar har rana ta yi sanyi, Mama tana ba shi kofi a baki. Wiebe ya ce ya kawo ya karɓe shi. Baba ya ce: "Kai ka ɗauki naka tun hunturu. Wannan nawa ne."

Magana ta uku gajeriya ce. Akwai kujeru a wannan zaure da babu kowa a kansu, na abokanmu da wayarsu ba ta kawo daɗi ba. Iyaye, ku riƙe su da hannunku, kada ku huda musu bango.

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, ya ƙara musu haƙuri. Allah ya ba iyayenmu lafiya da tsawon rai, ya warkar da kafaɗar Baba. Allah ya sanyaya zukatan waɗanda za su sake zama baɗi, ya ba su barci mai daɗi kafin ya ba su maki. Allah ya mai da kowa gida lafiya, ya sa mu tarar da gada a rufe.

Na gode.