Rokoki a Jiragen Gadi

A ɗakin jira na wani likitan haƙori a Iskandariya, wata dattijuwa ta leƙa wayar mutumin da ke gefenta. Kumatunsa a kumbure, yana wasan yaƙin sararin samaniya.

"Malam, me kake ɗora wa jiragen gadin nan?"

"Manyan rokoki, Hajiya."

"Haba! Rokoki ai na fasa manyan jirage ne. Masu kawo hari ƙanana ne kamar ƙudaje. Da taɓarya ake kashe ƙuda? Sa musu bindigogi masu saurin juyawa!"

"Ina ruwanki? Shekara uku ina wasan nan."

"Shekara uku kana jawo wa mutane asara dai."

"Roka ɗaya idan ya samu jirgi, an gama."

"Idan ya samu! Wata takwas muka yi muna gina tasharmu a cikin wasan, ni da ɗana Midhat da ke aiki a Kuwait. Ba ya kiran waya, a wasan nan kaɗai nake jin muryarsa. Ƙungiyarmu ta ba wani sakarai gadi, ya cika jiragen da rokoki irin naka. Ranar Talata aka ƙone tashar ƙurmus. Tun daga nan yaron bai sake shiga ba."

"Ba Talata ba ce, Laraba ce. Kuma su arba'in suka zo mini..."

Ya kife wayar a cinyarsa. Dattijuwar ta cire tabarau, ta ƙare masa kallo.

Ma'aikaciyar likita ta leƙo. "Wa ke biye?"

"Layina ne, amma na bar masa," in ji dattijuwar. "'Yar nan, kada ku yi masa allurar kashe zafi."