Injin da Suka Ɗaura wa Ƙanena

A tashar motar Garaku da ke Keffi, muna jiran mota ta cika, sai wani dattijo ya juya ga matar da ke gefensa, mai sanye da fararen kayan nas.

"'Yata, ku ma'aikatan asibiti ba ku da imani. Shekaranjiya ƙanena ya yanke jiki ya faɗi, muka kai shi asibiti a Abuja. Suka ɗaura masa wani inji a ƙirji, yana ta danna shi kamar ana kirɓa sakwara."

"Baba, zuciyarsa ce ta tsaya. Injin ne ke tura jini a madadinta, ko Allah zai sa ta tashi."

"Mutum yana gargara, ba za a bari a laƙƙana masa kalmar shahada ba? Ni na ture likitan, na fizge injin, na juyar da ƙanena gabas."

"Minti nawa injin ya yi yana aiki?"

"Bai kai uku ba." Ya dube ta. "Idan aka bar injin, akwai masu tashi?"

Ta daɗe tana kallon jakarta.

"Allah ya jiƙansa, Baba."

"Ba wannan na tambaye ki ba, 'yata."